Labarina ya tsaya cak a shafi na 43: ku kuna tsarawa kafin ku fara?

'Yar Yelwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da kuka na zo. Labarin nan da nake saki a WhatsApp kullum bayan isha'i ya tsaya mini a shafi na 43, kwana tara ke nan ban ƙara ko layi ɗaya ba. Lokaci ina da shi, wayata ma cike take da caji. Inda zan kai jarumar labarin, Hajara, ne ban sani ba. Na aurar da ita, na sa an sake ta, na mayar da ita gidan ubanta a nan Garwa, yanzu tana zaune a tsakar gida ni ma ina zaune, muna kallon juna. Ga mutum sittin da 'yan kai sun biya jaka ɗai-ɗai ta Orange Money, kullum sai an tambaye ni ina ci gaba. Jiya kuma wata ta kama ni dumu-dumu. Ta ce a shafi na 6 na ce Alhaji, baban Hajara, matansa uku, a shafi na 31 kuma ya ƙara biyu, bai saki kowa ba, babu wadda ta mutu. Biyar ke nan! Wallahi mantawa na yi da ta ukun. Tun da ta kawo masa ruwan alwala a shafi na 6 ban sake waiwayarta ba. Ku da kuka daɗe a harkar nan, zama kuke yi ku tsara komai kafin ku fara, ko bin alƙalami kuke yi duk inda ya nufa?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ki yafe mini ƙanwata, sai da na yi dariya har yara suka leƙo. Ni ma an taɓa kama ni. Jarumata ta yi laulayi da ƙaramar salla, ba ta haihu ba sai bayan babbar sallar wata shekarar. Wata tsohuwa cikin masu karatu ta lissafa mini wata goma sha huɗu, ta ce in faɗa mata ko raƙuma ce. Tun ranar ban ƙara sa wa mace ciki a labari ba sai na rubuta watan a bangon kaye, wato littafin rubutu.

Malamin Lekol, Marwa: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'ar, ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa shiga aji ban san darasin da zan ƙare da shi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa littafi mai shafi ɗari biyu ya fi darasin awa ɗaya sauƙi ba.

Ni kaye nake saye, irin na 'yan makaranta mai shafi 100, in raba shi. Kashin farko na gida ne. Ina zana gidan kamar yadda magini zai zana: ga zaure, ga turakar maigida, ga ɗakin uwargida, ga na sauran, ga rijiya, ga madafa. Kowane ɗaki in rubuta mai shi, da 'ya'yanta, da shekarar haihuwar kowa, da sunan da kowa yake kiran kowa. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi. Yarinyar da take ce wa matar babanta Goggo a babi na biyu ba za ta koma ce mata Anti a babi na tara ba, sai in wani abu ya faru tsakaninsu, kuma in ya faru to labari ne. Da kin zana gidan Alhaji, da ɗakin matar nan ta uku yana kallonki kullum, da ba ki manta da ita ba.

Kashi na biyu kalanda, zan dawo kansa. Na uku shafi ɗaya ne tak: yadda labarin zai ƙare.

Ɗan Kusuri: Malam, a gafarce ni, amma wannan aikin akawu ne. Ni in na san ƙarshen labari to ya mutu a wurina, me zai tashe ni da asuba in rubuta abin da na riga na sani? Littafi uku na gama, ko ɗaya ban zana masa rijiya ba. Kakata da take mana tatsuniya a gindin darbejiya ba ta da kaye, ba ta ma iya riƙe bik ba, amma ba mu taɓa yin barci ba sai ta ce ƙurunƙus.

Malamin Lekol, Marwa: Kakarka ta san inda gizo zai ƙare tun kafin ta ce ga ta nan ga ta nanku. Ita ma a bakin tata kakar ta ji, ta kuma maimaita sau ɗari. Kayenta yana cikin kanta. Kai da yau ne labarin ya faɗo maka a kan gadar Ngeli kana bisa moto, ina naka yake?

Ɗan Kusuri: Yana cikin kaina ni ma.

Maman Biyu: A cikin kan naka ne direban nan na littafinka na biyu ya mutu a hatsari, sannan ya zo ɗaurin aure?

Ɗan Kusuri: Adda, ƙaninsa ne. Suna ne ya zo ɗaya.

Maman Biyu: To Allah ya jiƙan wan, ya raya ƙanin.

Tela Mai Rubutu: Ni dai daga shago zan yi magana. In aka kawo mini yadi, awo nake fara ɗauka, in zana da alli, sannan almakashi. Wurin yanka ba a wasa, don abin da ka yanke ba ya komawa. Amma aikin wuya da na hannu, wannan sai na hau keke yake zuwa mini, wani lokaci abin da na yi niyya daban abin da ya fito daban, kuma mai kaya ta fi son na biyun. Ina ganin Malam yana maganar yanka ne, Ɗan Kusuri yana maganar ado. Matsalar mu masu saki kullum a WhatsApp ita ce kowane shafi yanka ne. Mai buga littafi a takarda yana iya komawa babi na ɗaya ya gyara kafin kowa ya gani. Ke kuwa shafi na 6 yana cikin wayar mutum sittin, sun tura wa wasu ɗari.

'Yar Yelwa: Wallahi Hamma ka faɗi inda yake mini ciwo. Na so in goge in gyara, sai na tuna har a Facebook an kwafa an liƙa.

Baffa Malam, kun ce za ku dawo kan kalanda.

Malamin Lekol, Marwa: Faɗa mini tukuna, a wace shekara labarin ya fara, a wace shekara yake yanzu?

'Yar Yelwa: Ya fara shekarar da aka karya darajar sefa. Alhaji ya ɗauko atamfa bashi daga Turai ta Duwala, ya kwana da bashi ɗaya ya tashi da biyu. A cikin azumin shekarar aka haifi Hajara, da daddare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yanzu kuma tana da shekara goma sha takwas.

Malamin Lekol, Marwa: Madalla, kin zaɓi mafari mai kyau, kuma lissafinki na bashin daidai ne. A watan Janairun 1994 aka yi abin. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100, duk mai bashin waje ya ninku a dare ɗaya. Ina da iyali a lokacin, na san yadda kuɗin magani da na littattafan yara suka yi. Kuma azumi ya zo bayan wata ɗaya kacal, ya kama daga wajen tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. Ki duba irin abin da wannan ya ba ki kyauta: mutumin da ya saba raba sukari da gero ga unguwa duk azumi, ga shi bana ba ya iya cika tukunyar gidansa, kuma bai isa ya faɗa ba.

Sai dai ruwan nan naki. Wane ruwa ne a Garwa a watan Fabrairu? Lokacin hazo yana janyewa, zafi yana shigowa, Binuwai ta ja baya ta bar rairayi. A nan Marwa ma Mayo Kaliyawo yashi ne zalla, yara suna ƙwallo a ciki. Kin ɗauki azumin da kika sani a damina kin kai shi inda ba nasa ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da wajen kwana goma sha ɗaya, saboda haka azumi yana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, sai ya yi kamar shekara 33 kafin ya dawo inda ya tashi. Duk mai rubuta labarin gidan Musulmi wanda ya ɗauki shekaru da yawa, dole ya zauna ya ga inda azumi da salla suka faɗa a kowace shekarar da zai taɓa.

Yanzu lissafa. 1994 a ƙara 18, kin zo 2012. Azumin 2012 ya kama daga wajen 20 ga Yuli, aka yi salla wajen 19 ga Agusta, tsakiyar damina. Ruwanki na can yake jiranki. Kuma ke 'yar Garwa ce, kin san abin da ya biyo bayan sallar nan: ruwa ya yi yawa, aka saki na madatsar Lagdo, Binuwai ta cika ta shiga gidaje da gonaki, har Najeriya abin ya kai. Kin ce Hajara tana zaune a tsakar gida ba ki san abin da za ki yi da ita ba. Ambaliya tana tafe nan da 'yan makonni, ke ce ba ki duba kalanda ba.

'Yar Yelwa: Innalillahi. Ina aji biyar a firamare lokacin, har makarantarmu aka sauke mutane. Ko kaɗan ban haɗa shekarun ba.

Ɗan Kusuri: To wannan kam na sallama, Malam ya ci wannan zagayen. Amma bincike ne wannan, ba tsari ba. Sanin lokacin da ake dashen masakwa daban, sanin wa zai auri wa daban.

Bahaushen Ngawundere: Tunda an zo kan bincike bari in sauke abin da ya daɗe yana cina. Na karanta wani labari, marubuciyar ba 'yar ƙasar nan ba ce amma ta kawo jarumanta Kamaru, ta sa sun hau jirgin ƙasa a Garwa sun sauka Yawunde. Jama'a, dogo a garinmu ya ƙare. Tun 1974 da ya iso Ngawundere bai ƙara taku ɗaya zuwa arewa ba. Mutumin Garwa ko Marwa ko Kusuri mota yake shiga, ya hau dutsen nan mai kwane-kwane kafin ya iso mu, ya jira jirgin yamma, ya kwana a ciki fiye da kilomita 600, gari ya waye masa a kudu. Kuma abin haushin, ta zubar da wuri mafi daɗi. Zaman jiran jirgi a tasha, da masu kilishi da zuma, da daren nan da mutum yake zaune gaba da gaba da wanda bai sani ba, ai nan ake ƙulla labari.

Haka masu ba wa mutum wayar salula a 1994. Sai wajajen 2000 ta shigo mana. Kafin nan wasiƙa ce a hannun direba, ko kaset da ake ɗauka a aika, ko a je gidan waya. Rabin rikicin da ke cikin labaran da, kira ɗaya zai kashe shi, shi ya sa dole ka san shekararka kafin ka ƙulla rikicin.

Maman Biyu: Kaset! Ka tuna mini. Babanmu yana Duwala, sai a tara mu a gaban rediyo kowa ya gaishe shi, Inna kuma ta kore mu ta yi nata ita kaɗai. Wannan zan sa a labarina na gaba, kada wanda ya riga ni.

Mai Shayi, Njamena: Ni ku bari in ba ku ɗaya gefen, don kada yarinyar nan ta gudu daga rami ta faɗa rijiya. Ina da kaye uku. Labarin iyali ne da suka tsallaka gada zuwa Kusuri a watan Fabrairun 2008, lokacin da faɗa ya shigo cikin Njamena. Ni ma ina cikin waɗanda suka tsallaka, da uwata a bayan amalanke. Na zana gidan, na zana unguwar, na rubuta tarihin kowa har kakanni, na koma baya har zamanin da garin yake Fort-Lamy kafin a sauya masa suna a 1973. Na san abin da kowa yake ci da safe. Na tsara babi arba'in, kowanne da abin da zai faru a ciki. Shekara huɗu ke nan. Babi nawa na rubuta? Ko ɗaya. Duk ranar da na zauna sai in ga akwai abin da ban gama shiryawa ba, sai in ƙara shafi a kaye in ji kamar na yi aiki. Da na zo rubuta babin farko kuma sai na ji kamar ina kwafe aikin wani. 'Yar Yelwa tana da shafi 43 da mata biyar. Ni ina da mata daidai da shari'a, ba ni da shafi ko ɗaya. Ku faɗa mini wa ya fi wani.

Ɗan Kusuri: Yawwa! Allah ya biya ka, Kawu. Ga shaidata ta zo da ƙafarta.

Malamin Lekol, Marwa: Ba shaidarka ba ce. Ni ban ce a tsara babi arba'in ba. Gida na ce, da kalanda, da ƙarshe. Tsakanin mafari da ƙarshen nan ni ma ban san hanyar ba sai na shiga. Mai Shayi, kai ba shiri ne ya hana ka ba. Ina jin labarin ne ya yi maka kusa da yawa, kayen ya zama wurin ɓuya. Ka ajiye su ukun a ƙarƙashin tebur, ka rubuta safiyar da kuka ɗora tsohuwa a amalanke, shafi biyu kawai, ka kawo mana.

Mai Shayi, Njamena: Wataƙila kun yi gaskiya, Malam. Zan gwada bayan na tashi daga teburi.

Goggon Zaure: Na bar ku kun yi ta yi, yanzu ku saurara. Duk kun tsaya kan ruwa da jirgi da yawan mata, babu wanda ya tambayi abin da ya tsayar da labarin. Mata biyar kuskure ne, amma ba shi ya hana ta rubutu kwana tara ba. 'Yata, me Hajara take so?

'Yar Yelwa: Goggo, tana son ta samu kwanciyar hankali.

Goggon Zaure: Wannan kowa yana so, har akuyar gidanmu. Me take so wanda za a iya gani da ido, wanda in ta samu za mu ce ta samu, in ta rasa mu ce ta rasa? Ɗanta da aka riƙe a gidan tsohon miji? Komawa lise, wato sakandare, ta yi bak, jarrabawar gamawa? Keken ɗinki? Wani mutum? Na karanta shafukanki duka 43. An aurar da ita, an sake ta, an mayar da ita, an yi mata gori. Komai yi mata ake yi. Ban ga wuri ɗaya da ta tashi da ƙafarta ta nufi wani abu ba. Labari irin wannan yana tafiya muddin kina da masifar da za ki jefa mata, ranar da masifu suka ƙare sai ya tsaya. Ko ambaliyar da Malam ya ba ki, in ba ta da abin da take nema, shafi biyar za ta ci ki dawo nan da kuka.

Ni kafin in fara, layi uku nake rubutawa a bayan ambulan ko takardar magani, duk abin da na samu: wance tana son kaza, wane ko kaza ya tare mata hanya, in ba ta samu ba za ta rasa kaza. In na kasa cika layukan nan to labarin bai nuna ba, sai in bar shi a bishiya. Malaman adabi suna da sunayensu, jigo da warwararsa da zubi da tsari, amma ni a nan nake ganewa.

'Yar Yelwa: Na yi shiru ne ina tunani. A shafi na 12 na ce an cire ta daga makaranta saura shekara biyu ta gama, ta ɓoye littattafanta a cikin buhun gero. Ban sake komawa kai ba. Ina jin abin da take so ke nan tun farko, ni ce na bi ta kan kishiyoyi saboda nan masu karatu suke yin sharhi.

Goggon Zaure: To kin gani. Wannan ma wani dalili ne na sanin inda za ki tun ran gini. Mai saki kullum, in ba ta riƙe linzami ba, masu karatu ne suke tuƙa ta. Yau su ce a kashe uwar miji, gobe su ce a dawo da saurayin farko, ke kuma kina jin daɗin yabo kina bi. Ni ba na fara saki sai ina da shafi goma sha biyar a ajiye, kuma ba na karɓar kuɗin kowa sai na rubuta shafin ƙarshe, ko da zan sauya shi daga baya. Kuɗin mutane a hannunka alhali ba ka san ƙarshen labarinka ba, bashi ne.

Tela Mai Rubutu: Akwai kuma abin da ya shafe mu mu na nan wanda marubutan Kano ba su cika damuwa da shi ba. Wane harshe mutanenka suke yi? A Garwa mutum zai yi Hausa da uwarsa, ya fita kasuwa ya yi Fulatanci, ya shiga ofis ya yi Faransanci, duk kafin azahar. Na Kusuri da Njamena ga Larabcin Shuwa a kai. In ba ka yanke tun farko yadda za ka nuna wannan ba, sai ka ga jandarma yana zuba karin magana kamar Bakano, ko kuma ka cika shafi da Faransancin da mai karatu a Zariya ba zai gane ba. Ni abin da na tsayar: komai da Hausa, amma a gaban sunan kowa a kayena ina rubuta harshen da yake tunani da shi. Wanda Fulatanci ne nasa ina barin masa gaisuwarsa da kiran Adda da Hamma da Dada, in kuma sauƙaƙa Hausarsa. Ma'aikaci in bar masa kalma ɗaya ko biyu da kowa ya sani. In kuma ana so a ɓoye wa wani magana, sai a juya harshe a gabansa, yadda muke yi a gida.

Bahaushen Ngawundere: Wannan na ƙarshen makami ne babba. Amarya da aka kawo daga Najeriya, kishiyoyi suna magana a kanta da Fulatanci tana murmushi, ba su san ta fara ganewa ba.

Maman Biyu: Kai ma ka riƙe naka, ni na riƙe kaset.

Amma ina da tambaya ga mai labari. Alhajin da sefa ta karya, da me ya ƙara aure har biyu?

'Yar Yelwa: Ya farfaɗo ne da harkar zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarka. Na faɗa a shafi na 20, amma a layi ɗaya.

Maman Biyu: Layi ɗaya! Mutum ya tashi daga mai shagon atamfa da ake gaisarwa a masallaci ya koma harkar jarka da dare, kika ba shi layi ɗaya, kika ba faɗan tsintsiya shafi huɗu.

'Yar Yelwa: Adda a yi mini a hankali, yau na sha.

Amma ku tsaya. Tun da Baffa ya yi maganar zana gida na ɗauko takarda na zana, ga ta a gabana. Ɗakin ta ukun yana can ƙurya kusa da rumbu, inda buhunan gero suke. To idan Alhaji ya sake ta tun shekarar karayar, a ɓoye, ya bar ta a ɗakin saboda 'ya'yanta da kuma gudun bakin mutane fa? Idda ta ƙare, ba ta da inda za ta, aka rufe maganar, 'yan unguwa suna ɗauka har yanzu matarsa ce. Shi ya sa ba ta girki, ba a jin ta, shi ya sa ya iya ƙara biyu. Huɗu ke nan cif. Kuma ita ce ta tsinci littattafan Hajara a buhu ta adana su shekara biyu ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar da ruwa ya shigo gidan, kowa yana ɗaukar zinariya da katifa, ita abin da ta ɗora a ka ke nan.

Goggon Zaure: Tsigar jikina ta tashi. Rubuta wannan yanzu kafin ki kwanta. Kuma ki yanke a daren nan ko Hajara za ta zauna jarrabawar ko ba za ta zauna ba, ki rubuta a takarda ki ninke, kada ki faɗa wa kowa har mu.

Ɗan Kusuri: Jama'a ku zama shaida. Mafi kyawun abin da ke cikin labarin nan daga mantuwa ya fito. Da ta bi tsarin Malam tun farko, da matar nan tana can tana girki ranar kwananta kamar kowa, da babu wannan.

Malamin Lekol, Marwa: Kwana tara tana riƙe da mantuwar ba ta haifa mata komai ba. Minti nawa ta yi da zana gidan?

Sai dai 'yata, ki koma shafi na 6 ki duba da kyau. Ruwan alwalar nan da ta kawo masa, kafin Janairun 1994 ne ko bayansa? In bayan sakin ne, akwai mai tambayarki.

'Yar Yelwa: Na duba, Baffa. Daren da labarin karyewar kuɗin ya zo a rediyo ne. Tana matarsa a lokacin.

Malamin Lekol, Marwa: To kin tsira da wannan. Saura ruwan Fabrairu.

Maman Biyu: Ta ce tsohuwar da ta ba da labarin haihuwar ce ta rikice, ai tsofaffi kowace haihuwa sai sun ce ana ruwa.

Mai Shayi, Njamena: Na rufe teburi. Malam, na rubuta shafi ɗaya da rabi, hannuna yana rawa. In turo nan ne ko in turo muku ku kaɗai?

Malamin Lekol, Marwa: Turo mini tukuna. An ɗauke mana wuta, amma ina da kashi goma sha biyu a waya, zai isa.